Labour da Travail: Wacce Ta Fi Faɗin Gaskiyar Wahala?

Bahaushe ya daɗe da ɗaya daga cikin kalmomin nan a bakinsa. Duk wanda ya ce "lebura" ko "leburanci", jikar labour ya kira. Ɗayar kuwa, travail, ba kasafai ɗan Kano yake jin ta ba, amma ɗan Maraɗi da ya yi boko ya san ta sarai, domin ita ce kalmar aiki ta yau da kullum a Faransanci.

Dukansu baƙi ne a Ingila. Ta bakin Faransawa suka shiga Turanci, bayan Normawa sun ci ƙasar da yaƙi a 1066, kuma a farko abu ɗaya suke nufi: aikin da ke tatse gumi ya bar mutum a galabaice. Har naƙuda ana kiran ta da kowaccensu.

Labour ba ta da dogon labari. Daga labor ta Latin ta fito, ma'anarta wahala da aikin ƙarfi. Daga baya ta samu ɗaukaka, ta zama sunan ma'aikatu da ƙungiyoyin ƙwadago, har jam'iyyar ma'aikata ta Birtaniya ta ɗauke ta a 1906.

Asalin travail ne ke sa ni tsayawa in yi shiru. Mafi yawan masana suna mayar da ita ga trepalium, wato turaku uku da ake ɗaure mutum a jikinsu a gana masa azaba. Sunan kayan azaba ya koma sunan azabar, azabar kuma ta koma sunan aiki. Daga wannan tushe Sifaniyawa suka samu trabajo. Har kalmar tafiya a Turanci, travel, 'yarta ce, tun zamanin da barin gida ke nufin laka da yunwa da 'yan fashi. Wanda ya ji labarin fatake a hanyar Gwanja ba zai yi mamaki ba.

A Faransa travail ta yi laushi har mai zaman ofis yana kiran aikinsa da ita, dangin labour kuma suka koma gona, inda labourer ke nufin yin huɗa. A Ingila akasin haka aka yi: travail ta maƙale a tsofaffin littattafai, irin fassarar Baibul ta 1611, da zafinta cif.

Ni dai ita na fi so. Labour ta sa riga ta shiga majalisa, har mutum kan faɗe ta bai tuna da ciwon baya ba. Idan na ga mai ɗaukar bulo yana hawa bene da tsakar rana, jijiyoyin wuyansa sun fito raɗa-raɗa, mu mukan ce lebura ne, amma turakun nan uku ne ke faɗo mini a rai.