Tarin Fuka ga Ƙananan Yara da Halin Zaman Gida

Tun 1882, sa'ad da Robert Koch ya nuna ƙwayar cutar a birnin Balin, aka tabbata tarin fuka ba gado ba ne, ta iska ake ɗaukarsa. Amma masu cewa gado ne suna da abin da suka gani, gama cutar gida take bi. Yaron da bai kai shekara 5 ba, iskar da ya fi shaƙa ta ɗakin da yake kwana ce. Shi kansa kuwa da wuya ya harbi wani, don ƙwayoyin da ke ƙirjinsa kaɗan ne. Saboda haka in likita ya sami yaro da wannan cuta, sai ya nemi babban da ya ba shi.

A ƙasar Hausa neman nan ba ya tsayawa kan uwa da uba. Ga al'adar yaye, akan kai yaro wurin kakarsa yana kusa da shekara 2, ya kwana a ɗakinta. In tsohuwar tana da daɗaɗɗen tari, sai a ce na tsufa ne, ko kuwa fuka ce kawai (kalmar kuwa ta haɗa har da asma, wannan ma yana jawo sakaci). Ɗaki ƙarami, taga ba ta fi tafin hannu ba, da hunturu kuma a toshe ta. A daidai lokacin nan yaro ya rabu da nono, sai koko da tuwo. In kyanda ta biyo baya, jikinsa ba ya iya tsare ƙwayar. Ga babba takan kwanta shekaru ba ta motsa ba, amma ga ɗan yaye tana iya bazuwa cikin jini, ko ta hau kai ta zama sanƙarau cikin 'yan watanni. Irin waɗannan munanan ne allurar BCG, wadda aka fara yi a Faransa a 1921, ta fi karewa.

Sa'an nan ga wuyar ganewa. Yaro ba ya iya fid da kaki a auna, sai rama da zazzaɓi da rashin kuzari, waɗanda akan ɗora wa haƙori ko shawara. Magani kyauta ne a asibitocin gwamnatin Nijeriya, amma kuɗin mota ba kyauta ba ne, uwa kuma sai da izinin maigida za ta fita, ga shi shan magani yakan kai wata 6. Akwai kuma maganin riga-kafi da ake ba yaran da ke gida ɗaya da mai tari, amma iyaye da yawa ba su yarda a ɗura wa yaro mai wasansa ƙwaya kullum.