Nahawu a Ka, Burodi Ya Gagara: Watannin Farko na Ɗalibi a Alƙahira

Yaron da ya haddace Ajuruma, ya bi ta kan Alfiyya, har yana i'irabin aya a gaban malami ba tare da ya yi inda-inda ba, shi ne zai sauka a Alƙahira ya kasa sayen burodi. Larabcin da ya sha wahala a kansa a Kano ko Damagaram na littafi ne, na mumbari da labaran rediyo. Na titi daban yake. Bamisire yana mayar da harafin jim ya koma "g", ƙaf kuma ya haɗiye shi, sannan ga sauri. Mai shago zai jefo masa "ayiz e?", wato me kake so, shi kuwa ya tsaya yana neman fi'ili da fa'ili. In ya daure ya amsa da tsantsar fusha, wato Larabcin littafi, za a fahimce shi, amma da murmushi, wani mai tsokana ma ya ce "sadaƙallahul azim", kamar wanda ya idar da karatu. Abin bai tsaya a kasuwa ba. Malamai da yawa a cikin aji sukan fara darasi da fusha, bayani na yin zafi su zarce cikin yaren gida, ɗalibi na riƙe da biro ya rasa abin da zai rubuta.

Hanyar zuwa karatu Alƙahira dai tsohuwa ce. Tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka kafa makarantar Ibn Rashiƙ a birnin domin ɗalibansu da mahajjata, daga baya kuma Barno ta sami nata ruwaƙin, wato sashen ɗalibanta, a cikin masallacin Azhar, wanda aka kammala gininsa a shekarar 972. Daga 1961 jami'ar Azhar ta ƙara fannoni irin su likitanci da aikin injiniya, don haka masu zuwa yau ba duka ne almajiran fiƙihu ba. Sai dai tsufan hanya ba ya rage wa sabon zuwa ruɗewa a birnin da mutanensa, in an haɗa da kewaye, suka haura miliyan 20.

Wanda ya sami gurbi a Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban ƙasashen waje da ke Abbasiyya, ya huta da rabin wahala, domin akwai ɗaki da abinci. Sauran sai haya, galibi a Madinat Nasr, musamman Hayyul Ashir inda baƙi 'yan Afirka suka yi yawa. A nan zai san dillali, wanda ladansa daban, da kuɗin ajiya da mai gida ke riƙewa har ranar tashi, da kuma bawwab, mai gadin bene. Kada a raina bawwab. Shi ya san wanda ya shiga da wanda ya fita, shi ke nemo mai gyaran famfo da mai tukunyar gas, kuma kalmarsa a kunnen mai gida tana da nauyi. Ɗalibin da ya saba gaishe shi ya sauƙaƙa wa kansa zama.

Sai takardu, kuma a ganina nan ne aka fi zalunci ga yara, ba daga Masar ba, daga gida. Iyaye kan ɗauka da zarar jirgi ya sauka, karatu ya fara. Alhali akwai tantance takardun shaida, akwai jarrabawar gwada matakin Larabci wadda kan mayar da mutum ajin koyon harshe na watanni kafin ya ga ƙofar kwaleji, akwai kuma iƙama, izinin zama da ake sabuntawa. Ofishinta a da yana katafaren ginin Mugamma a dandalin Tahrir, a 2019 aka mayar da shi Abbasiyya. Sammako ake yi, a karɓi lamba, a biya kuɗi, a ce a dawo. Tsofaffin ɗalibai sukan ce wa sabo: "Ƙanena, yi wa fasfonka kwafi da yawa, ka ajiye hotuna a aljihu, kuma in an ce maka gobe, kada ranka ya ɓaci." Yaron da aka bugo wa waya daga gida ana tambayar aji nawa yake, alhali yana kan layin hatimi, sau da yawa kunya ke sa ya yi ƙarya.

Kuɗi kuwa suna narkewa ta fuska biyu. A watan Yunin 2023 Najeriya ta saki Naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024. A watan Maris na 2024 Masar ma ta saki fam ɗinta, dala ta tashi daga kusan fam 31 zuwa kusan 50, farashin kaya da haya suka bi sahu. Uban da ke aiko da adadin da ya saba aikowa bai rage ko kwabo ba, amma abin da ke isa hannun ɗansa ya ragu. Ko burodin gwamnati mai rahusa, wanda ya koma kwabo 20 na fam a watan Yunin 2024, na masu katin rabon abinci ne, 'yan ƙasa. Baƙo na kasuwa yake saye.

Ciki yakan yi gardama na ɗan lokaci sannan ya sallama: wake da ake kira ful da safe, ta'amiyya mai kama da ƙosai, da kushari, haɗin shinkafa da taliya da adas da soyayyar albasa. Yaji ne ba ya isa. Shi ya sa jakar mai dawowa daga hutu ba ta rasa kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa da yajin ƙuli, kuma ranar da ta iso ɗakin ba ya rasa baƙi.

Sanyi yakan zo wa mutane ba zato, don an ji Masar an ɗauka rana ce kawai. A watan Janairu dare kan sauka ƙasa da digiri 10, gidajen kuma ba a gina su da abin ɗumama ɗaki ba, tayil ɗin ƙasa sai ka ce ƙanƙara, alwalar asuba ta zama jarrabawa. Lahadi ranar aiki ce, hutu Juma'a da Asabar. Agogo na gaba da na Najeriya da awa ɗaya, da bazara ya zama biyu tun da aka dawo da canjin lokaci a 2023. Jirgin ƙarƙashin ƙasa, wanda ya fara aiki a 1987, yana da taragu na mata zalla a tsakiya; ɗaliba za ta sami sauƙi a ciki, namijin da ya faɗa da gudu zai fito da borin kunya.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa iyaye ba. Wani lokaci yara a titi, har da manya, kan jefo wa baƙar fata kalmar izgili. Ba kowa ba ne, kuma Misirawa masu karamci suna da yawa, amma sau ɗaya ya isa ya sa yaro ya ƙulle kansa a ɗaki.

A nan ɗalibai 'yan gida da suka riga zuwa ke shigowa. Su ke tarbo a filin jirgi, su ba da katifa, su raka ofishin iƙama, su yi karo-karo in wani ya kwanta asibiti. Ba don su ba da yawa da sun koma gida kafin shekara ta zagayo. Amma wannan inuwar tana da nata haɗarin. Ana samun wanda ya shekara huɗu a Alƙahira, ɗakinsa Hausa, cin abincinsa Hausa, hirar darensa siyasar Kano, wayarsa kullum tana kan gida, ya karɓi digiri bai iya ciniki da direban ƙaramar bas ba. Waɗanda harshensu ya fi saurin warwarewa su ne masu zama ɗaki ɗaya da ɗan Indunusiya ko ɗan Senegal, inda babu abin da ya haɗa su sai Larabci, da masu zuwa halƙoƙin karatu na kyauta a masallacin Azhar su zauna kusa da wanda ba su sani ba, da masu zuwa cefane da kansu maimakon aiken wanda ya riga su zuwa. Irin waɗannan sukan sha dariyar masu tumatir na 'yan watanni, daga nan sai ka ji su suna taya sabon zuwa ciniki.