Mene ne "tsarin Bismarck", kuma me ya haife shi?

Da wuya a yi muhawara kan fansho ko inshorar lafiya a Turai ba a ambaci "tsarin Bismarck" ba. Ana nufin asusun da doka ta tilasta a riƙa zuba kuɗi a cikinsa domin ranar da ma'aikaci zai kwanta ciwo ko ya tsufa. Otto von Bismarck, shugaban gwamnatin Jamus, ya kafa shi da dokoki uku: inshorar rashin lafiya a 1883, ta haɗarin wurin aiki a 1884, sai fanshon tsufa da nakasa a 1889. A wancan lokacin, a ta farko ma'aikaci ke biyan kashi biyu cikin uku, ta biyu duk a wuyan masu masana'antu take. Fanshon tsufa kuwa sai an cika shekara 70.

A ganina, tsoron 'yan gurguzu ne ya haifi tsarin. A 1878, bayan an yi yunƙurin kashe Sarki Wilhelm na Ɗaya har sau biyu, Bismarck ya sa aka haramta ƙungiyoyin 'yan gurguzu da tarurrukansu da jaridunsu. Inshorar ta biyo baya ne don leburori su ɗauki gwamnati a matsayin uwa ma ba da mama, su juya wa jam'iyyar 'yan gurguzu baya. Wasu za su ce ai tausayi da koyarwar Kiristanci sun yi tasiri, kuma shi kansa ya sha faɗin haka. To amma shi ne dai ya ƙi amincewa da tilasta hutun Lahadi da rage sa'o'in aiki, waɗanda za su taɓa aljihun masu masana'antu. Dabarar ma ba ta ci ba: a zaɓen 1890 'yan gurguzu suka fi kowace jam'iyya ƙuri'u, kuma a shekarar Bismarck ya sauka.