Hoton Sama da Yaƙi da Sauro: Darasi Daga Zanzibar

Masana ilimin halittu sun daɗe da sanin cewa sauron Anofilis, mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro, a cikin ruwa yake fara rayuwa. Macen takan saka ƙwai a ɗan ruwan da ya kwanta a gonar shinkafa, ko a ramin da aka haƙi ƙasa, kai har ma a sawun kofaton saniya. Idan akwai zafi, cikin kwana 10 zuwa 14 ƙwan ya zama sauro mai tashi. Wanda ya san inda ruwan nan yake, zai iya zuba magani ya kashe tsutsar tun ba ta yi fiffike ba. Wahalar ita ce gano wurin.

Taurarin ɗan'adam da ke ba da hotuna kyauta ba su wadatar a nan. Kowane ɗigo na hoton Landsat yana wakiltar fili mai faɗin mita 30, na Sentinel-2 kuwa mita 10. Ruwan da bai wuce faɗin tabarma ba ɓacewa yake yi cikin ɗigo guda. Amma ƙaramin jirgi marar matuƙi, da yake yana tashi ƙasa-ƙasa, yakan ɗauko hoton da ɗigonsa bai wuce 'yan santimitoci ba.

A shekarar 2016 aka fara aikin ɗaukar hoton tsibiran Zanzibar na ƙasar Tanzaniya da irin waɗannan jirage, bisa tallafin Bankin Duniya. Ɗaliban jami'ar gwamnati ta Zanzibar na cikin waɗanda aka horar suka tuƙa jiragen, kuma a yawancin tsibirin Unguja ɗigon hoton ya kai santimita 7 kacal. An zuba hotunan a OpenAerialMap, wata taska a intanet wadda ƙungiyar agaji ta Humanitarian OpenStreetMap Team ke kula da ita. Kowa na iya ajiye hotonsa a ciki, kowa na iya ɗauka kyauta muddin ya ambaci mai shi. Daga irin waɗannan hotuna 'yan sa-kai ke zana gidaje da hanyoyi da magudanan ruwa a taswirar OpenStreetMap.

A 2017 masu bincike daga Jami'ar Aberystwyth ta Birtaniya, tare da ma'aikatan yaƙi da zazzaɓi na Zanzibar, suka nuna cewa jirgi mai araha na iya gano ruwan da sauro ke haihuwa a ciki.

Sai dai mai karatu ya lura da abu uku. Na farko, hoto ruwa yake nunawa, ba tsutsa ba; dole mutum ya taka ya ɗebi ruwan ya duba. Na biyu, hoto na tsufa: ruwan da aka gani yau yana iya ƙafewa kafin mako, wani ya kwanta a gefe. Na uku, idon da ya ga sawun kofato zai ga tsakar gidan mutane, don haka neman izinin hukuma da yardar mazauna wajibi ne.

Duka ukun mutanen wuri ne suka fi cancanta su warware su, domin su ne za su sake tayar da jirgi bayan kowane ruwan sama, su ne kuma maƙwabta za su amince wa. Jami'ar da ke son bin sahun Zanzibar, sai ta fara da horar da ɗalibanta.