Murjani da tsakiyar kaka: daga ina suka fito, yaya ake gane na ainihi?

A gidajen Hausawa da yawa, daga zangon Kumasi zuwa Garwa da Njamena, akwai ƙullin tsumma a ƙasan adaka, cikinsa duwatsun wuyan da kaka ta bari. Ba a cika tunawa da su ba sai ranar rabon gado, ko ranar da mai sayen kayan da ya yi sallama a ƙofar gida. Nan gardama ke tashi. Wani ya ce daga Makka aka zo da su, wani ya ce sun shekara dubu, mai saye kuma ya taɓe baki ya ce ai gilashi ne kawai. Sau da yawa gilashin ne da gaske, amma ya san kuɗin da zai samu a kansa, masu gida ba su sani ba.

Mafi yawan duwatsun da ake gada a Afirka ta Yamma ba su kai tsufan da ake ba su ba. Kayan fatauci ne na ƙarni na 19 da farkon na 20, kuma daga Turai suka fito. Babban tushensu shi ne Murano, tsibirin da hukumar birnin Venis na Italiya ta mayar da masu narka gilashi a 1291. Can aka ƙera dutsen nan mai shuɗi da fari da ja, wanda bakinsa ke nuna tauraro, Faransawa na kiransa chevron. Na farko-farko, na ƙarshen ƙarni na 15, hawa bakwai gare su idan aka ƙirga launukan a bakin ƙofa, na baya kuma galibi hawa huɗu zuwa shida. Wannan ƙirge kaɗai yana iya raba tsakanin shekaru ɗari biyar da ɗari ɗaya. Garin Jablonec na ƙasar Cek shi ma ya cika kasuwanni da duwatsun da ake matsawa a cikin zubi, shi ya sa ake ganin siririn layi a gefensu inda zubin ya haɗe.

Jan dutse na tsakiya labarinsa daban ne. An daɗe ƙwarai ana sassaƙa shi a Khambhat ta jihar Gujarat a Indiya, 'yan kasuwa da alhazai na shigo da shi, don haka mai cewa daga Makka ba lallai ya yi ƙarya ba, Makka dai zango ce a hanya. A ƙarni na 19 garin Idar-Oberstein na Jamus ya shiga kasuwar da dutsen da yake sayowa daga Brazil. Aikin Jamus gefensa a miƙe yake, kowane kamar ɗan'uwansa. Na Indiya aikin hannu ne, kuma ana huda shi ta ɓangare biyu, sai ƙofofin su haɗu a tsakiya ba daidai ba, abin da ake iya gani idan aka ɗaga shi ga haske.

Ba kowane ne baƙo ba. Masu tonon tarihi sun tabbatar ana narka gilashi a Ile-Ife tun ƙarni na 11, kuma a Igbo-Ukwu, inda Thurstan Shaw ya fara tono a 1959, an samu duwatsu sama da 165,000. Nufawan Bida da Kurobawan Ghana har yau suna yin nasu da fasassun kwalabe. A kasuwar duwatsu ta Koforidua, wadda ke ci ran Alhamis, sabo da tsoho gefe da gefe suke, kuma fatake Hausawa sun daɗe suna cikin masu riƙe da cinikin tsofaffin.

Gane tsufa daga ƙofar dutse ake fara shi. Zare ya shekara hamsin ko ɗari yana gogar bakin ƙofa, sai bakin ya yi sulɓi, wani lokaci ya faɗaɗa ta gefe guda. Bakunan duwatsu maƙwabta su ma suna cin juna har su zauna daram. Mai jabu yana iya dusashe sabon dutse da yashi, ya binne shi a ƙasa ya yi datti, amma dusashewar takan zama iri ɗaya ko'ina, har a lungun da fata ba ta taɓawa, bakin ƙofa kuma yana nan da kaifinsa. Igiyar da duk duwatsunta suka zo girma ɗaya, launi ɗaya, ba ko tsaga, abin a yi shakka ce.

Murjani ya fi kowanne shan kwaikwayo, domin shi ake nema a lefe. Na ainihi halittar teku ce daga Bahar Rum, garin Torre del Greco kusa da Napoli ya shahara da aikinsa. A jikinsa akwai siraran layuka masu bin tsawonsa, gilashi kuwa ƙananan kumfa ake gani a cikinsa. Akwai kuma farin murjani mai arha da ake rinawa ja. Auduga da ɗan maganin goge jan farce ta isa ta tona shi, domin launin zai bi audugar.

Manyan duwatsun nan masu ruwan zuma da ake kira ambar su ne suka fi ba mutane mamaki. Da yawansu ba daskararren ƙaron itace ba ne, roba ce irin wadda Leo Baekeland ya ƙirƙira a 1907, masana'antun Turai suka riƙa aikowa Afirka. Ambar na gaske yana tasowa a ruwan da aka cika wa gishiri, wannan robar kuwa nutsewa take yi, kuma idan aka goga ta har ta yi ɗumi tana warin magani irin na asibiti. Duk da haka kada a raina ta, masu tara kayan da suna sayen tsohuwarta da daraja. Gwajin allura mai zafi da wasu ke yi yana barin tabo, ya rage kuɗin dutsen, bai cancanci kayan gado ba.

Akwai kuma duwatsun da mai sayarwa ke alfahari cewa daga ƙasa aka tono su, a yankin Djenné na Mali ko wani kufai. Irin waɗannan sukan fito ne daga wuraren tarihi da aka wawashe. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 da dokokin ƙasashe sun hana safararsu, kuma ga mai ƙetare iyaka abin na iya ƙarewa a hannun 'yan duwan.

Kuskuren da iyalai suka fi yi shi ne tsinka igiya a raba wa magada ɗai-ɗai. Jerin duwatsun da tsohon zaren shaida ne na zamani da wuri, da zarar an warware su sai a koma dogara da bakin mai saye. Kafin a raba ko a sayar, ya kamata a ɗauki hoton igiyar da waya, a rubuta sunan mai ita, garin da ta yi aure da wanda ya ba ta, tun tsofaffin da suka sani suna raye. Farashi kuma a ji shi daga bakin mutum biyu ko uku da ba su san juna ba.