Giya ta biyar a tsohuwar Fijo: Gyara ne ko ɓata asali?

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar nan kafin shekarar 2000 ba ya buƙatar a gabatar masa da Peugeot 504, motar da bakin Bahaushe ya sassaƙe sunanta ya koma Fijo. A 1968 ta fito a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motocin Turai, sannan a 1975 ta lashe gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka, a daidai shekarar da masana'antar harhaɗa motocin Peugeot ta Kaduna ta soma aiki. Ita ce motar gwamnati, ita ce ta haya, ita ce kuma ta kai amarya. An daina ƙera ta, amma har gobe akwai masu riƙe da tasu, wasu don ƙauna, wasu don ita ce hanyar abincinsu.

A tsakanin waɗannan mutane ne ake wata muhawara da nake son in tsoma baki a cikinta: shin ya dace a cire giyabos mai giya huɗu da yawancin 504 suka zo da shi, a sa mai giya biyar na ƙanwarta 505, wadda ta fito a 1979? Masu kishin asali suna cewa yin haka ɓata mota ne. Ni kuwa a tawa fahimtar gyara ne da ya dace, muddin an yi shi da sani.

Bari mu fara da amfaninsa. A giya ta huɗu, juyi ɗaya na inji juyi ɗaya ne na farfelar da ke kai ƙarfi ga ƙafafun baya. A ta biyar kuwa farfela ta fi inji saurin juyawa, don haka mota tana riƙe gudunta alhali injin ya sassauta da kimanin kashi 1 cikin 6. Wato injin da ke juyi 4,000 a minti zai sauko wajen 3,300 ko 3,400. Ga mai bin hanyar Kano zuwa Kaduna, tafiyar sama da kilomita 200, wannan yana nufin raguwar ƙara da zafi da shan mai. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ba sai an yi wa direba dogon bayani a kan darajar lita guda ba.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka giya ta biyar tana ƙara wa mota ƙarfi. Ba ta ƙarawa. A cunkoson cikin gari ba ta da ranar komai, kuma a hawan tudu ko da kaya niƙi-niƙi dole a dawo ta huɗu. Wanda ba ya fita bayan gari, gara ya adana kuɗinsa.

Aikin kansa ba cire wannan sa wancan ba ne. A 504 ƙirar salun, farfela tana cikin wani bututun ƙarfe da ya haɗe giyabos da na'urar raba juyi ta baya, suka zama tamkar abu guda. Giyabos mai giya biyar ya fi mai huɗu tsawo, saboda haka sai an samo farfela da bututun da suka yi daidai da shi, kuma tsawon na salun daban yake da na wagon. A nan ne ake yawan yin aika-aika, a yanke ƙarfe a yi masa walda da ƙiyasin ido. Farfelar da ta karkace ko da kaɗan ne za ta riƙa girgiza mota, ta cinye boris, ƙarshenta a yi gyaran gangar auzinawa. Bayan wannan sai a tabbatar bakin giyabos ya hau injin daidai, haƙoran faifan kuloci sun shiga sandarsa, sandar giya ta fito ta inda ya kamata, wayar mita ta nuna gudu na gaskiya, fitilar ribas ta kama, an kuma zuba irin man da kamfanin ya tanada. Wanda zai sayi giyabos na hannu a Ƙofar Ruwa a Kano ko wata kasuwar kayan gyara, ya sa a buɗe masa a duba haƙora tun kafin kuɗi ya bar aljihunsa.

Ga masu kishin asali kuwa, amsata ita ce giyabos ɗin nan ɗan gida ne, kamfani ɗaya ya ƙera su. Shawarata ga mai mota ita ce ya wanke tsohon giyabos da farfelarsa ya adana, ta yadda duk ranar da aka so mayar da mota yadda ta fito, za a iya. Gyaran da ake iya warwarewa bai ci amanar tarihi ba.

Abin da ya fi damuna, a matsayina na mai nazarin harshe, shi ne inda wannan ilimi yake ajiye. Na sha zama a gareji ina sauraron makanikai, na kuma lura cewa duk abin da na zayyana a sama, da ninkinsa, a ka yake, daga bakin maigida zuwa kunnen yaro. Su ne suka ba mu kuloci da birki da totur da salansa, suka lanƙwasa baƙin kalmomi har suka zauna daram a Hausa, ba tare da wani kwamiti ya zauna ba. Amma dattawan da suka san cikin 504 kamar yunwar cikinsu suna ta raguwa, yaran yanzu kuma hankalinsu ya koma kan motoci masu canza giya da kansu, waɗanda sai an jona musu kwamfuta ake gane ciwonsu.

Saboda haka ina kira ga sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu da kwalejojin fasaha da ƙungiyoyin makanikai da su haɗa hannu su rubuta wannan sani da Hausa, da awo da zane da sunan kowane ƙarfe kamar yadda ake kiransa a gareji. Ɗalibi guda mai na'urar ɗaukar magana da bakanike guda mai haƙuri sun isa a fara. Idan muka yi sakaci, za a wayi gari ga motar a tsaye, ga giyabos a ƙasa, amma babu wanda ya san tsawon farfelar da za ta haɗa su.