Horar da Ɗaliban Jami'a Domin Koya wa Yaran Firamare Karatu: Misalin Shirin America Reads

2.4.0 Gabatarwa

A wannan sashe za a yi bayani ne a kan yadda ake shirya ɗaliban jami'a kafin a tura su makarantun firamare su zauna da yara ɗai-ɗai suna koya masu karatu. An ɗauki shirin America Reads na ƙasar Amurka a matsayin misali, ganin cewa masana sun yi nazarce-nazarce da dama a kansa. Abin da ake nufi da karatu a nan shi ne yaro ya dubi rubutu ya furta shi daidai, ya kuma fahimci abin da ya ƙunsa.

2.4.1 Asalin Shirin

A shekarar 1994 wani gwaji da aka yi a faɗin Amurka ya nuna cewa kimanin kashi 40 cikin 100 na 'yan aji huɗu ba su kai ko matakin farko na iya karatu ba. Tun kafin wannan, Juel (1988) ta bi diddigin wasu yara daga aji ɗaya zuwa aji huɗu, ta gano cewa yaron da ya gama aji ɗaya da rauni a karatu, yiwuwar ya gama aji huɗu da wannan rauni ta kai kashi 88 cikin 100. Wato dai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ganin haka ne a shekarar 1996 Shugaba Bill Clinton ya gabatar da shirin America Reads, da nufin kowane yaro ya iya karatu da kansa kafin ya fita aji uku. Akwai dama wani tsari na ba ɗaliban jami'a marasa ƙarfi ɗan aikin yi ana biyansu, inda gwamnatin tarayya kan biya kashi 75 na ladan, jami'a ta cika sauran. Daga shekarar 1997 sai gwamnati ta ɗauki nauyin ladan gaba ɗaya, muddin aikin koya wa yara karatu ne. Cikin 'yan shekaru jami'o'i da kwalejoji fiye da 1,000 suka shiga. To amma akasarin waɗannan ɗalibai ba fannin koyarwa suke nazari ba, kuma a nan ne batun horo ya taso.

2.4.2 Dalilin Ba da Horo

Iya karatu daban, iya koyar da shi daban. Wanda ya ƙware a karatu ya riga ya manta da yadda aka yi ya koya. Idan aka haɗa shi da yaro ba tare da shiri ba, yakan faɗa cikin kurakurai uku: ya zaɓo littafin da ya fi ƙarfin yaron, ko ya riƙa faɗa masa kalma da zarar ya yi turus, ko ya ce masa ya dubi hoto ya canka. Ta haka sai yaro ya saba da jira da kuma cinke, haruffan kuwa bai dube su ba.

Wasik (1998) ta yi bitar shirye-shirye 17 da ke amfani da 'yan sa-kai wajen koyar da karatu, ta tarar uku ne kawai aka auna su ta hanyar kwatanta yaran da aka taimaka wa da waɗanda ba a taimaka wa ba. Ta kuma nuna cewa shiri nagari yana bukatar ƙwararren malamin karatu mai sa ido, da horo mai ɗorewa, da tsararren darasi, da littattafai masu inganci, da kuma daidaita aikin da abin da ake koyarwa a aji.

2.4.3 Abubuwan da Ake Koya wa Ɗalibi

(a) Tsarin darasi: Wasu daga cikin shirye-shiryen sun yi kama da na Book Buddies da aka fara a garin Charlottesville a farkon shekarun 1990, inda ake zama da yaro minti 45, sau biyu a mako. Darasin kashi huɗu ne. Da farko yaro zai maimaita ɗan littafin da ya riga ya sani, domin bakinsa ya saki, ya kuma ji cewa zai iya. Na biyu, nazarin kalmomi, inda yake rarraba katunan kalmomi bisa sautin da suka yi tarayya a kai. Na uku, ya rubuta jimla ɗaya ko biyu, yana sauraren sautukan kowace kalma. Na huɗu, a gabatar masa da sabon littafi, wanda shi ne zai maimaita a zama na gaba.

(b) Dangantakar harafi da sauti: Ingilishi yana da haruffa 26, amma sautukansa sun kai kimanin 44, saboda haka harafi ɗaya kan wakilci sauti fiye da ɗaya. Misali, furucin harafin "c" a kalmar "cat" ya bambanta da furucinsa a kalmar "city". Dole ne ɗalibi ya san wane ake fara koyarwa, wane ake jinkirtawa.

(c) Zaɓen littafi: Ana koya wa ɗalibi ya riƙa yin alama a takarda yayin da yaro ke karantawa, bisa hanyar da Marie Clay ta tsara. Idan cikin kalmomi 100 yaro ya karanta 95 ko fiye daidai, littafin mai sauƙi ne. Idan tsakanin 90 da 94 ne, to shi ne ya dace da koyarwa. Ƙasa da 90 kuwa ya yi masa tsauri, sai a sauya wani.

(d) Yadda ake gyara: Wannan shi ne ya fi wuya, domin haƙuri yake bukata. Idan yaro ya tsaya, ɗalibi zai ɗan saurara, sannan ya ja hankalinsa ga harafin farko, ya taimaka masa ya haɗa sautukan, ya sa shi ya sake karanta jimlar ya ji ko ta ba da ma'ana. Sai duk wannan ya faskara ne zai faɗa masa kalmar. Idan kuwa yaro ya gyara kuskurensa da kansa, to a yaba masa, a kuma gaya masa ainihin abin da ya yi daidai.

Binciken Juel (1996) ya ƙarfafa wannan. Ta yi nazarin ɗaliban Jami'ar Teksas, 'yan wasanni waɗanda su kansu suna da rauni a karatu, da aka haɗa su da 'yan aji ɗaya. Yaran da suka fi samun ci gaba su ne waɗanda masu koya masu suka fi nuna masu yadda ake yi a aikace, suka kuma tallafa masu daidai gwargwado har suka ƙarasa da kansu.

2.4.4 Sa Ido da Ɗorewa

Horon kwana ɗaya ko biyu kafin fara aiki ba ya wadatarwa. A shirin Book Buddies ƙwararre ne ke auna yaro, ya rubuta darasin kowane zama, ya kuma kasance a wurin yana lura da mai koyarwa, yana ba shi shawara. Haka kuma ana jaddada wa ɗalibi muhimmancin zuwa a kan kari. Lokutan hutu da na jarrabawa a jami'a ba su cika dacewa da na firamare ba, kuma yaron da ake sauya masa malami a kai a kai, ko ake barinsa yana jira, yakan janye jiki.

2.4.5 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa kyakkyawar niyya da yawan ɗalibai ba su isa su koya wa yaro karatu ba. Ɗalibin jami'a mataimaki ne ga malamin aji, kuma amfaninsa ya dogara ne a kan tsarin da aka ɗora shi a kai da kuma ƙwararren da ke bayansa. A sashe na gaba za a duba hanyoyin auna ci gaban yaran da suka sami irin wannan taimako.